Cinnaka a Cikin Ludayi

Ɗana na fari da bazara na haife shi, a gidanmu na Sukuntuni, shekarar da Turawa ke ɗibar maza ana kai su Jos haƙar kuza. Mijina na cikin waɗanda aka nuna a Ƙofa, garin da nake aure. Ya tafi cikina bai gama fitowa ba, kuma tun da ya tafi ko gaisuwa ba wanda ya kawo mana. Da cikin ya tsufa aka rako ni gida, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari.

Mata biyu ke riƙe da gidanmu. Akwai Gwaggo, yayar babana, wadda ta raine ni tun daga yaye. Mijinta ya rasu da daɗewa, ta dawo gidan ƙanenta ta zauna. Ɗakinta in ka shiga sai ka yi atishawa, don ko'ina ƙunshin sassaƙe ne da saiwoyi da garin ganye, wasu a rataye, wasu cikin tsofaffin tukwane. Ba abin da ke shiga bakin mutum a gidan nan Gwaggo ba ta sa baki ba. Ina da ciki ta hana ni ƙwai, ta hana ni zuma da rake, wai zaƙi zai tare mini hanya ranar naƙuda. Ni kuwa bakina ba ya shiru, kullum sai mun yi, amma wallahi ina son ta, ita ma ta san haka. Gwaggo ta haihu ba sau ɗaya ba, sai dai ba wanda ya rayu. Na farkon yana shan nono ya rasu. Daga nan aka gwada nononta aka ce mugu ne, aka hana sauran, su ma suka bi shi. Ita dai abin da ta riƙe a ranta shi ne nononta ne ya cinye mata 'ya'ya.

Sai Inna, wadda ta haife ni. Ni ce 'yar farinta, saboda haka tsakanina da ita sai kunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son in ɗauko mata tsintsiya sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa waccan ta miƙo tsintsiya." In na yi ciwo Gwaggo ke jinya, Inna tana can bakin murhu kamar ba ta san ana yi ba. Jikokina in na ba su labarin nan dariya suke, wai ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka tarar ana yi, kuma ni ma haka ake jiran in yi wa nawa.

Na kuwa yi. Da aka wanke yaron aka kawo mini shi, na kau da kai na dubi bango, mata suka yi ta guɗa suna cewa yarinya mai kunya. Ta wutsiyar ido na ga ƙafarsa, doguwa, irin ta ubansa. Gwaggo ta ɗauke shi ta kai ɗakinta. Kwanakin farko ba a ba jariri nono, don dakashi ne, wannan mai kauri ɗin mai ruwan ɗorawa, an ce ƙazanta ce. Gwaggo ke tatse shi ta kai gindin danga ta binne. Yaro kuwa ruwan ɗumi da ruwan rubutu ake ɗiga mashi. Ni kuma safe da yamma a zaunar da ni bayan ɗaki, a tsoma ganyen sabara cikin tafasasshen ruwa a yi ta fyaɗa mini, in fito a miƙo mini kunun kanwa, in hau gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa. Cikin bazara fa! Kai, mun sha wuya.

Da nonon ya yi fari sai Gwaggo ta ce za a gwada. Da hantsi ne, na fito wanka ke nan jikina na tururi. Ungozoma na nan, da maƙwabta. Gwaggo ta kawo sabon ludayi ta tatsi nonona a ciki, ta je gindin danga ta ɗauko cinnaka da tsinke, ta sake shi a tsakiya. In ya yi iyo ya fito, nono lafiyayye ne. In ya mutu a ciki, to, da dafi.

Muka zuba ido. Ya yi ta juyi, ya doshi gefe, ya zame, ya sake dosa. Can sai ƙafafunsa suka rage motsi, ya dunƙule, ya tsaya cak.

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Irin nawa ne. Wallahi irin nawa ne. Ɗiyar nan, ko ɗigo kika ba shi kin kashe shi."

Ba wanda ya yi mata musu. Wa zai yi? Ita ce ta binne nata. Na dubi wajen murhu, Inna na tsugune tana hura wuta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Daga ranar aka shiga yi wa nonona magani. Jiƙon sassaƙe mai ɗaci in sha da safe, wani a wanke mini ƙirji da shi, wani a shafa. Yaro kuma aka nemo wata maƙwabciya mai goyo ta riƙa ba shi. Ta yi ƙoƙari, Allah Ya saka mata, amma shekarar rumbuna sun yi ƙasa tun da wuri, ita kanta a rame take, nonon ko ɗiyarta bai isa ba. Bayan suna mijinta ya ce ta bari. Sunan kuwa na uban mijina aka sa mashi, kunya ta zama biyu, ko da wasa ba zan iya faɗar sa ba.

Sai aka koma madarar shanu. Wata Bafillatana daga rugar da ke wajen Fakuwa ke kawowa a 'yar ƙwarya. Kafin ta iso rana ta yi zafi, kafin la'asar madarar ta fara juyawa. Gwaggo ta tafasa, ta sirka da ruwa, ta kwantar da yaro a cinyarta, ta tara hannu a bakinsa ta yi mashi ɗura. Daga ɗakina nake jin yana shaƙewa yana tari. Ya sha ya amayar. Sai gudawa ta biyo baya. Gwaggo ta jiƙa bagaruwa, ta dafa dauri, ba abin da ba ta yi ba, har barci ta daina. Babana ya ce ko a kai shi wurin malamin asibiti a Kankiya. Ta ce jaririn da bai yi arba'in ba za a ɗauka cikin ranar nan, a kai wa masu allura? Babana bai taɓa ƙetare maganar yayarsa ba, ya ja bakinsa ya koma zaure.

Ni kuwa ƙirjina ya cika ya yi tauri, ko zane ya taɓa sai na cije leɓe. Yaro na yin kuka a ɗakin Gwaggo sai nono ya tsinke mini, ya jiƙa zanen har ciki. Ga abinci na zuba a ƙasa, ga mai shi can yana kukan yunwa, tsakaninmu bango ɗaya. Kuma ba ni da bakin tambaya. In ƙawayena sun zo barka suna tsokana ta, "Ina ɗanki?" dole in murtuke in ce ban san wani ɗa ba. Su yi ta dariya. An sake gwada nonon bayan na sha magani, cinnaka ya sake mutuwa, Gwaggo ta ƙara yawan jiƙon.

Kukan yaron ne ya fara sauyawa. Da farko in ya tsala har zaure ake ji. Daga baya ya koma siriri, kamar na ɗan akuya sabuwar haihuwa. Kunnena kullum na manne da bangon nan, in na ji shiru ya yi yawa sai gabana ya riƙa faɗuwa.

Wata safiya Bafillatanar ta zo da madara 'yar kaɗan a gindin ƙwarya. Ta ce shanu ba sa kawo ruwa, ciyawa ta ƙare, mazansu na shirin tashi su bi inda ake samun ruwa. Ina zaune bakin ƙofa ta dube ni, ta dubi zanena da ya jiƙe sharkaf.

"Iya," ta ce wa Gwaggo, "ga uwa da nono har yana zuba, me kuke yi da na shanu?"

Gwaggo ta ba ta labarin cinnaka. Bafillatanar ta gyara faifan ƙwaryarta, sannan ta ce, "To, ku kuka san naku. Mu dai ɗan maraƙi in bai sha na uwarsa ba, ba ma sa rai da shi."

"Ɗan mutum kike haɗawa da ɗan saniya?" in ji Gwaggo. "Ajiye madarar ki kama hanya."

Maganar nan ta zauna mini. Da azahar Gwaggo ta fita yankan sabarar wankan yamma, ta bar yaron yana barci a ɗakinta. Gida tsit, sai Inna da ke daka a gindin bedi. Na lallaɓa na ɗauko ludayi, na ɗebi madarar shanun nan da ake ɗura mashi, na tsuguna gindin danga na ɗauko cinnaka da tsinke, na saka. Ya yi juyi, ya doshi gefe, ya zame. Ya dunƙule ya mutu, daidai yadda ya yi a nawa. Na ce ko wannan gajiyayye ne, na kamo wani ƙato, shi ma haka.

Sai na ji daka ta tsaya. Na waiga, Inna na tsaye da taɓarya a hannu tana kallon ludayin. Ba ni take kallo ba, ludayin. Ta daɗe a haka. Sannan ta ci gaba da dakanta. Haba, ranar na ji haushin matar nan! Na ce a raina, ashe ko jikanta ba ta so.

Za ku ce me ya hana ni shiga ɗakin Gwaggo in ɗauki ɗana in ba shi. Na je har bakin ƙofar. Na ga shi kwance kan tsumma, haƙarƙarinsa na ɗagawa. Sai tsoro ya riƙe mini ƙafa. To in madarar shanun ce ita ma ta lalace, shi ya sa cinnakan ya mutu? In Gwaggo ce da gaskiya fa? In na ba shi ya mimmiƙe a hannuna, me zan ce wa ubansa in Allah Ya dawo da shi? Na juya na koma ɗakina ina zagin kaina.

Da yamma wajen wanka na yi ta maza. Akwai tsofaffi biyu na unguwa da ke taya Gwaggo ɗaukar ruwan. Na ce, "Gwaggo, yaron nan..."

Ban ƙarasa ba ta fyaɗa mini ganyen da zafinsa a gadon baya. "Wane yaro? Ke da bakinki? Yau na ga rashin ta-ido! Ni na raine ki za ki ja mini abin faɗa a gari?"

Tsofaffin suka kama haɓa. Ɗaya ta ce 'yan matan zamani ke nan, gobe ma sunansa za ta kira. Na ce, "Na gwada madarar..." Gwaggo ta ce in rufe mata baki ko ta rufe mini shi. Ta ɗauka zafin jego ne ke sa ni surutu. Ni da ake cewa bakina ya fi ƙarfina, ranar na yi shiru, ruwan zafi na sauka a jikina ina haɗiye kuka.

Washegari ban ji kukansa ba sam. Rana ta fito, ta ɗaga, shiru. Na leƙa ta jikin asabari na ga Gwaggo zaune bakin ɗakinta da shi a cinya. Maɗigarsa ta faɗa, ta yi rami, ta shafa mata wani baƙin magani. Tana zuba madara a bakinsa, madarar na gangarowa ta gefe. Babana ya shigo ya tsaya a kansu, ya daɗe. Sannan na ji ya ce da ƙanena a hankali ya je gidan liman ya ce kada ya yi nisa, in ya dawo ya duba ko akwai sauran farin ƙyalle a cikin adaka.

Na ji da kunnena. Na zauna daɓas a ƙasa.

Inna na tankaɗe a tsakar gida. Na ga ta ajiye rariya, ta kakkaɓe hannu a zane, ta miƙe. Ta nufi Gwaggo kai tsaye, ta sunkuya ta ɗauke yaron daga cinyarta. Gwaggo ta saki baki, don tun da aka kawo Inna gidan nan ba ta taɓa karɓar ko cokali a hannunta ba tare da ta durƙusa ba. Inna ta ɗaga asabarina ta shigo. Tun da na zo ba ta taɓa taka ɗakin ba.

Ta kira sunana. Sunana na yanka, da bakinta, tana kallon cikin idona. Wallahi sai da na waiga ko da wata a bayana.

"Karɓi ɗanki ki ba shi," ta ce.

Gwaggo ta faɗo ɗakin ɗankwalinta a hannu. "Kin haukace? Za ki kashe shi! Ku zo, za ta kashe shi!"

"Yaya, ki yi mini aikin gafara," in ji Inna, ta tare tsakanina da ita. Ba ta matsa ba. "Jiya da idona na ga cinnaka ya mutu a madarar shanun nan. Har biyu. Yaron ga yunwa ke cin sa."

"In ya mutu ku kuka kashe shi. Na faɗa a gaban kowa."

"Na ji, Yaya. A ɗora mini."

Babana na tsaye daga waje, bai ce a ba shi ba, bai ce a hana ba. Maƙwabta sun fara leƙowa ta kan danga.

Na karɓe shi. Ba nauyi ko kaɗan, fatar cinyarsa ta yi yaushi ta tattare. Na buɗe zane na kai shi, bai kama ba. Na goga mashi a leɓe, bakin a sake, ido a rufe. Na ce shi ke nan, mun makara. Inna ta durƙusa a gabana, ta kama nonon da hannunta, ta matsa ɗigo ya faɗa kan harshensa. Ba motsi. Ta sake matsawa, ta shafa maƙogwaronsa da ɗan yatsa tana kiran sunan Allah ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta daina ihu, ɗakin ya yi tsit, ina jin numfashinta a kaina. Ni kuwa ban san wanne nake tsoro ba, ya ƙi sha ko ya sha.

Sai maƙogwaron ya motsa. Ya haɗiye. Inna ta ƙara ɗigo, ya sake haɗiyewa. Can leɓensa ya lalubo, ya kama, ya ja wani ɗan ja mara ƙarfi wanda na ji shi har tafin ƙafata. Ya huta, ya sake ja. Na sunkuya na dubi fuskarsa sosai a gaban kowa, na fashe da kuka. Kunya ta tafi inda za ta, ban neme ta ba.

Ba a nan hankalinmu ya kwanta ba. Gwaggo ta ce dafin nono ba ya nuna kansa nan take. Duk atishawar da ya yi sai mu dubi juna. In ya yi barci mai nauyi sai in kai kunne hancinsa. Gwaggo ta daina cin tuwon Inna, ta koma girka nata a bakin ɗakinta, ta daina yi mini magana. Amma wanka ba ta fasa ba ko sau ɗaya, safe da yamma za ta dafa ruwan ta gasa ni, bakinta a rufe. Inna kuma ta koma bakin murhunta. Da yamma na ji ta tana ce wa ƙanwata, "A kai wa waccan kunu." Ba ta sake kiran sunana ba har ta koma ga Allah.

A hankali gudawar ta tsaya. Maɗigar ta ciko. Ranar da aka yi ruwan farko ya tsala kukan da ya sa babana ya yi dariya daga zaure. Bafillatanar ta zo sallama za su tashi, aka ce mata an daina saye. Mijina sai bayan kaka ya dawo, da tari da ƙafa duk faso, ya tarar da ɗansa yana zama.

Amma kafin nan, ana gab da gama mini wanka, wata rana da hantsi na zagaya bayan ɗaki shanya zane, sai na ga Gwaggo tsugune gindin danga. Ta aika an sayo mata madara a kasuwa. Ludayin nan na hannunta, da tsinke. Ban san sau nawa ta gwada ba, na dai ga matattun cinnaku a jere a kan ƙasa inda take zubarwa. Na so in koma da baya, amma ta riga ta ji motsina.

Ba ta waigo ba. Ta kira ni yadda take kira na tun ina ƙarama, ta ce, "Zo ki duba mini, idona ba ya gani sosai. Wannan ma ya mutu?"

Na matsa na duba. Na ce, "Ya mutu, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon ludayin, sannan ta ce, "Nawa har suka tafi suna juyo da baki wajen ƙirjina. Ni nake kau da su."

Na koma ɗaki na ɗauko yaron, na kawo na ɗora mata shi a cinya. Ta ajiye ludayin a ƙasa ta riƙe shi da hannu biyu.